Neman shawara: goron sallah a ofis da gida, wa ake ba wa ake bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ban shawara. Bara na kama aiki a wata ma'aikata nan Birnin Kebbi, wagga ce babbar sallar farko da zan yi ina ɗaukar albashi ga kuma sabon aure. Tun yanzu maigadi da masinja da mai shara sun fara man "oga barka da sallah", abokin aikina kuma ya ce in ban kai ma darakta wani abu ba, za a ce raini ne. Gida kuma ga surukai a Jega ga ƙanne ga ɗiyan maƙwabta. Sannan wani ɗan kwangila da fayil ɗinshi ke teburina ya aiko direba da buhun shinkafa wai goron sallah, yana nan ɗakin maigadi ban taɓa ba. Albashin bai wuce mafi ƙarancin nan na dubu 70 da wani abin kirki ba. Ya zan yi?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa goron sallah ƙasa yake gangarawa, babba ka ba ƙarami. Darakta me zai yi da abinka? In ka ga dama ka tafi gidanshi washegarin sallah ka gaishe shi, ya isa. Amma maigadi da mai shara kam kar ka tsallake su ko dubu ɗaya ɗaya ce, ka naɗe ka sa musu a hannu ba gaban mutane ba, kuma ka basu kafin a tashi hutu don su ma cefane za su yi da ita.

Maman 'yan biyu, Gusau:
Ni zancen gida zan yi. Surukai ba sai kuɗi ba, in ka yi layya cinya guda da ɗan turare ko goro ka kai da ƙafarka, zuwan naka ya fi musu abin da ke cikin ledar. Kuma ka gaya ma amarya, duk yaron da anka aiko da kwanon abinci ko nama ba a maida kwano wofi, a sa tukuici ciki ko ɗari biyu ce, wani lokacin ɗari a hannun yaro daban don in ka sa a kwano uwar ce za ta ɗauke wallahi. Ka nemi canji tun yanzu, ranar jajibere masu POS sai sun ga dama. Kar ka sayi sabbin kuɗi wurin masu saidawa bakin hanya, asara ce kuma CBN ta hana.

Malamin makaranta daga Yauri:
Shinkafar nan fa ita ce babbar magana kuna ta wuce ta. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya aiki wani karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya ce me ya sa bai zauna gidan ubansa da uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa. Ka tambayi kanka, da fayil ɗin ba ya teburinka ya san ka? Ko kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, ta dangi da abokai bisa al'ada kawai ya ƙyale.

Ɗan Argungu:
Malam gaskiya ne amma maida kyauta a ƙasar nan kamar zagi ne fa, mutumin na iya ƙullatar yaron ga shi sabo a wurin.

Malamin makaranta daga Yauri:
To ya kira shi ya yi godiya da ladabi, ya ce Alhaji dokar aiki ce ta ɗaure ni, a turo direba. Gara ƙullaci da ranar da zai zo yana cewa "ai mun saba" a kan takardar da bata cika ba.

Hajiya daga Talata Mafara:
Ɗana kar ka ci bashi don yabon mutane, sallah biki ɗaya rana, wata kuma na nan da tsawonshi. Kuma mahaucin da zai maka fiɗa ka biya shi ladarshi da kuɗi, ba a biyan shi da naman layya ko fatar, in za ka ba shi nama kyauta daban ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah shi saka. Gobe zan kira Alhajin. Amma direban da ya kawo buhun fa, shi ma sai na ba shi tukuici in ya zo ɗauka?

Maman 'yan biyu, Gusau:
Ba shi ɗari biyar ya sha ruwa, shi aike aka yi mai.