Finbol: yaya kuke yi ƙwallonku ta daɗe a kan tebur?

Habu Ikeja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon gyaran waya a Computer Village, kuma a shagonmu akwai wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da maigidana bai yarda a sayar ba. A cikinta na tarar da wasan finbol ɗin nan, Space Cadet, wanda ake bugun ƙwallo a kan tebur mai gangara da wasu hannuwa biyu da ke ƙasansa don kada ta faɗa rami. Kusan wata biyu ke nan ina bugawa duk sanda kasuwa ta yi sanyi, amma har yau ban taɓa kai maki miliyan biyu ba. Ƙwallo uku ake bayarwa, kafin in ankara duk sun zurara ta tsakanin hannuwan nan biyu. Abin yana damuna, domin na ga sunan wani a jerin gwanaye da sama da miliyan goma a kwamfutar nan dai. Don Allah wanda ya san kan wasan ya faɗa mini yadda yake yi.

Malam Sani Agege:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tuna mini da zamanin da muke sayen lokaci a kafe a Agege, in intanet ta ƙi sai mu koma kan wasan nan har kuɗinmu ya ƙare. Bari in tambaye ka: in ƙwallo ta taho, hannuwan biyu kake ɗagawa tare? Ina kyautata zaton haka ne, don ni ma da haka na fara. To ka daina daga yau. In ka danna maɓallan Z da / masu ɗaga hannuwan lokaci guda, ƙofar da ke tsakaninsu ƙara faɗi take yi, kai da kanka ka buɗe wa ƙwallo hanyar rami. Hannu ɗaya kawai, wanda ƙwallon ta nufa.

Sai babban abin, wanda shi ya canja mini wasan baki ɗaya: ka koyi tsayar da ƙwallo. In ta gangaro a hankali ta layin gefe, ka ɗaga hannun ka riƙe maɓallin, kada ka saki. Za ta zo ta kwanta a kusurwar gindin hannun, ta yi lamo. A nan babu mai korarka. Ka numfasa, ka duba fitilar da ke ƙiftawa, ka zaɓi inda za ka aika ta. Sai ka sauke hannun, ta fara gangarowa, ka buga. In ka buga da wuri tana kusa da gindi, sama za ta miƙe ta ɓangaren hannun. In ka bari ta kusa kai baki, za ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Na yi kusan mako ina wannan kaɗai, ba na ma kallon maki, har yatsana ya haddace daidai gurbin da ake bugawa a hau gadar hagu.

Ɗanliti Direba:
Malam Sani ya gama magana, amma zan ƙara ɗaya. Ni a waya nake bugawa, a layin Apapa, inda mutum kan kwana biyu ko uku a cikin tirela yana jiran lodi. Akwai lokacin da barin hannun a kwance ya fi bugawa. Ƙwallo ta sauko da ɗan ƙarfi kan tsakiyar hannun dama, ka ƙyale shi, kada ka taɓa komai. Za ta yi tsalle da kanta ta faɗa na hagu, ƙarfinta ya ragu, sai ka cafke ta. Ranar farko zuciyata ba ta yarda ba, yatsa sai ya danna da kansa. Amma ka lura, in ta nufi can bakin hannun ne, wannan dabara ba ta ci.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Ni a kwamfutar ofis na saba da shi, lokacin ina aikin buga takardu. Habu, kai maki kake nema a wurin tukwanen nan na sama masu wurgi da ƙwallo, shi ya sa ka tsaya wuri ɗaya. Suna da daɗin ji a kunne, amma ba nan arzikin yake ba. Wasan aika ne. Ka bugi alamomin zaɓen aiki, rubutu zai fito a gefen dama ya faɗa maka wane aiki ka zaɓa, sai ka hau gada ka karɓe shi. Kowane aiki ka kammala, ana ƙara maka fitilu a da'irar tsakiya, in sun cika a ƙara maka girma. Muƙamai tara ne, daga Cadet har Fleet Admiral, kuma ayyukan manyan muƙamai sun fi tsoka nesa ba kusa ba. Ka riƙa karanta rubutun nan. Mutane da yawa ba sa ko kallonsa. Ka kula da man jirginka na cikin wasan kuma, in ya ƙare maka a tsakiyar aiki, aikin ya tashi.

Wani abu ƙarami: wajen harba ƙwallo tun farko, ba dole sai ka ja maɓallin har ƙarshe ba. In ka ja kaɗan, ta hau rabin hanya ta dawo, akwai tukuicin da ake bayarwa.

Alhaji Mudi Mile 12:
Yarana, ni ban iya wasan ba, jikana ne ke yi a wayata in ya zo rumfa. Tambayata ɗaya ce, kuma da gaske nake. Ƙwallon ƙarfe ce kamar ta boris tana yawo inda ta ga dama. Wannan ba sa'a ba ce zalla? Ina gudun yaro ya saba da abin da ke kama da caca.

Malam Sani Agege:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Asalin na'urar finbol ta zahiri, kafin ta kwamfuta, ba ta da hannuwan nan, sai a 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da su. Birnin New York na Amurka ya haramta finbol tun 1942 saboda ana ɗaukarsa caca, haramcin bai tashi ba sai 1976, bayan wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin, ya nuna musu hannu ne ke aika ƙwallo inda ake so. Akwai rabon sa'a a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Amma mai tsayar da ƙwallo zai doke mai bugun kan-mai-uwa-da-wabi kusan kullum. Abin da zan ce a sa wa ido shi ne kada a sa kuɗi tsakanin masu wasa, kuma a duba wayar, don wasu manhajojin suna jan yaro ya sayi abubuwa a ciki.

Alhaji Mudi Mile 12:
To madalla. Na gode, Allah ya yi albarka.

Nura Obalende:
Ni ina da ɗan saɓani da ku. Kun bar girgiza tebur, alhali ita ke ceton ƙwallon da ta riga ta nufi layin waje. A Space Cadet, maɓallan X da ɗigo da kibiyar sama ne ke yin wannan. Sau ɗaya, a daidai lokacin da ƙwallo ke taɓa ƙarfen da ya raba layin ciki da na waje. In ka yawaita, TILT zai fito, hannuwa su mutu, kana kallo ta wuce.

Yanzu na koma teburan finbol na kamfanin Williams da kamfanin Zen Studios ya mayar na waya. Wanda na fi so Medieval Madness, na 1997. Can ma darasin Malam Sani ne: ka bugi fadar da ke kan teburin har gadarta ta sauka, ƙofa ta buɗe, ka rusa ta. Sai dai fadar tana fuskantar tsakiya, ƙwallo kan dawo da gudu, don haka ba na bugunta sai daga riƙe. In ƙwallaye sun zama uku a tebur, ina ajiye ɗaya a hannun hagu in yi ta aiki da na dama. Wanda ya bi su duka da ido, duka zai rasa.

Sannan masu waya, ku rufe sauran manhajoji, ku cire yanayin tattalin batir. Na taɓa yin wasa mafi kyau a rayuwata a cikin BRT, waya ta ɗau zafi, hoto ya fara tsinkewa, na danna hannun bai tashi a kan lokaci ba. Har na sauka a Ojota raina a ɓace yake.

Ɗanliti Direba:
Gaskiya ne batun zafi. Ni har rigar wayar nake cirewa.

Habu Ikeja:
Na dawo da labari. Kwana huɗu ina gwadawa. Yaya Sani, ka canka, hannu biyu nake ɗagawa, kuma barin hakan ya fi komai wuya, sai da na ɗora hannun haguna a cinya na yi wasa da dama kaɗai don in saba. Jiya bayan la'asar na tsayar da ƙwallo sau bakwai a wasa ɗaya, na karɓi aiki uku kamar yadda Anti Maman Ilham ta ce, aka ba ni muƙamin Ensign. Maki miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Ƙwallon ƙarshe TILT ne ya cinye ta, na girgiza sau uku a jere don tsoro. Yaya Nura, in na girgiza sau ɗaya, daƙiƙa nawa zan jira kafin in sake?