Jirgin tog ya shiga raina, uwargida ta ce kuɗin banza ne, ku ba ni shawara

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata tara a Birmingham, haya ta cinye ni, tun bara nake tunanin sayen siririn jirgin ruwan nan na kanal (hanyoyin ruwa da aka haƙa a nan Ingila), irin wanda faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, mu koma ciki ni da madam da 'yarmu mai shekara huɗu. Na duba guda biyu. Ɗaya ƙafa 57 ne, na zamani, manyan tagogi, inji a ƙarƙashin dandamalin baya, ɗaki kusan daga farko har ƙarshe. Ɗayan kuma tog ne mai ƙafa 60, wato mai fasalin jiragen da ke jan wasu jirage a da, wallahi tun da na gan shi ban sake barci mai kyau ba. Gabansa doguwar farfajiya ce ta ƙarfe a shimfiɗe kusa da ruwa kamar ƙafa 12, tagoginsa ƙanana ne masu zagaye da bakin tagulla, ga ɗakin inji na daban da tsohon inji ƙirar Lister a ciki yana ƙyalli, mai shi ya tayar min da shi na ji yana dum dum dum a hankali kamar ana daka a gidan maƙwabta. Kuɗinsu kusan ɗaya. Madam ta shiga ta fito ta ce wai ina za ta sa tukwanenta, kuma me ya sa za mu biya kuɗin filin da ruwan sama ne kawai zai kwana a kai. Akwai wanda ya taɓa zama a irinsa? Ina son gaskiya ba lallashi ba.

Injiniya_Wolves:
Wa alaikumus salam. Malam ɗauko biro mu yi lissafi tukuna kafin maganar so. Ƙafa 60 ka ce. Cire farfajiyar gaba 12, cire hancin jirgin kansa kamar 4, cire ɗakin inji wajen 6 ko 7, cire ɗan ɗakin matuƙi na baya da irin waɗannan jiragen ke da shi kamar ƙafa 8, cire inda za ka tsaya ka riƙe sandar tuƙi 3 zuwa 4. Abin da ya rage maka na falo da kicin da banɗaki da ɗakin kwana bai kai ƙafa 30 ba, a cikin abin da faɗinsa na ciki da ƙyar ya wuce ƙafa 6. Shi kuwa mai 57 ɗin zai iya ba ka sama da 40. To kuma lasisin Canal & River Trust, hukumar da ke kula da kanal, da tsawo ake biyansa, wurin ɗaure jirgi a marina ma da tsawo, in an fito da shi za a shafa baƙin fentin ƙasa duk shekara biyu zuwa uku shi ma da tsawo. Wato maganar madam ɗinka ba ƙorafin mata ba ne, lissafi ne.

Kuma ka san asalin fasalin nan. A kanal ɗin Birmingham da yankin Black Country da ke maƙwabtaka da ita tog aikinsa jan jiragen kwal ne marasa inji, a jera su a bayansa, ma'aikata su yini su koma gida su kwana. Ba a ƙera shi don iyali su zauna ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu ma kwaikwayo ne, har kawunan ƙusoshin da kake gani a jiki sau da yawa na ado ne aka liƙa da walda. In kana son ganin na ainihi je Black Country Living Museum a Dudley ka more idonka kyauta, to ban da kuɗin ƙofa.

Kaka_Tsoho:
Injiniya ka faɗi gaskiya amma rabinta. Ni shekara shida ina da tog, kuma ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Farfajiyar nan da kuke cewa asara, a kanta nake shimfiɗa sallaya da bazara, a tsaye sosai ba tare da gwiwar hannuna ta bugi bango ba, sai dai ka duba alƙibla a waya duk inda ka ɗaure don kanal lanƙwasa yake kamar maciji. A kanta keke na yake, da buhunan gawayin murhu na hunturu, ranar sallah mutum bakwai muka zauna a kai muka ci nama. Wane jirgi ne zai ba ka haka? Ƙananan tagogin kuma suna da ranarsu, mai wucewa a bakin hanya ba ya leƙo maka ɗaki, wanda ga mai iyali ba ƙaramin abu ba ne, ɓarawo ba ya shiga ta cikinsu, zafi ma ba ya gudu kamar ta manyan gilasai. Ɗakin inji kuwa nan nake shanya wanki, in an yi tafiyar awa biyu komai ya bushe ƙayau, kuma in abu ya lalace a tsaye nake gyarawa ba na kwanciya rub da ciki a cikin rami.

Amma fa ɗana, ni kaɗai nake zama a ciki, yara sun girma, Hajiya kuma ta ce ita da ruwa sai a kofi. Daga Afrilu zuwa Oktoba nake ciki. Ban taɓa yin Janairu da ƙaramar yarinya a ciki ba, don haka kada ka ɗauki maganata ka je ka kai wa matarka a matsayin hujja.

Maman_Sadiq:
Yaya Baban Ilham bari in yi magana a madadin matarka tunda ba ta nan. Mun yi hunturu biyu a jirgi kafin mu samu gida, namu ma ba tog ba ne amma maƙwabcinmu a marina tog ne da shi kuma na shiga sau da yawa wurin matarsa. Gadonsu a ƙarƙashin farfajiyar nan yake, da rarrafe ake shiga, ba ka iya zama a miƙe, kuma da yake ƙarfe ne a saman kanka in dare ya yi sanyi numfashinku ke komawa ruwa yana ɗigowa, na ga ta ɗaga katifa ƙasanta duk baƙin fumfuna. Ta ce kullum da safe sai ta jingine katifar. Sannan duhu, a Disamba ƙarfe huɗu rana ta faɗi a ƙasar nan, ka haɗa da tagogi kamar bakin kwano, da tsakar rana sai an kunna fitila ana cin batir.

Abin da ya fi damuna ma Ilham ce. Farfajiyar tog ba ta da shinge ko kaɗan, a buɗe take ta ko'ina, in ta jiƙe ko ta yi ƙanƙara santsi ne da ita. Yarinya mai shekara huɗu ki juya ki motsa miya ta fita. Rigar ruwa dole ce a kowane jirgi amma wannan sai ka ninka ido. Kuma don Allah ka tambayi kanka ina buhun shinkafa zai zauna, ina akwatunan da ake tafiya gida da su, ina baƙo zai kwana in ya zo daga Kano ya ce sati ɗaya ya yi wata.

Injiniya_Wolves:
Na manta abu biyu. Tsofaffin injinan nan irin Lister da Gardner da Russell Newbery suna juya babbar farfela a hankali, shi ya sa jirgin kan nutse cikin ruwa fiye da na zamani, a wuraren da ba zurfi kamar saman kanal ɗin Llangollen za ka riƙa jin gindinsa na gogar ƙasa, wani lokacin ma ka kasa matsowa bakin gaɓa ka ɗaure. Kayan gyaransu akwai amma ba kowane makaniki ke taɓa su ba. Na biyu tsawo, ƙafa 57 shi ne wanda ke shiga kusan kowace ƙofar ɗaga jirgi a ƙasar, wato inda ake rufe jirgi a cika ruwa ko a rage don ya hau ko ya sauka, mai 60 zai iya bi ta kanal ɗin Leeds and Liverpool amma a na Calder and Hebble sai an sha wahala ana karkata shi a cikin ƙofofin. Ko wanne ka zaɓa kada ka ba da ko fam ɗaya sai an fito da shi daga ruwa mai duba jirgi ya auna kaurin ƙarfen, ka kuma ga takardar Boat Safety ta shaidar lafiyar jirgi, shekara huɗu take yi. In kuma ba za ka kama wurin ɗaurewa na dindindin ba, ka sani duk kwana 14 sai ka matsa, ka haɗa wannan da kai yarinya makaranta.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Kaka ka so ka ba ni ƙarfin gwiwa sai kuma ka zare tabarmar a ƙarshe. Maman Sadiq na miƙa wa madam wayar ta karanta naki, har yanzu dariya take tana cewa a gaishe ki. Jiya na koma wurin tog ɗin da tef, daga ƙofar falo zuwa bangon ɗakin inji ƙafa 28 na samu, na kuma shiga ƙarƙashin farfajiyar na kwanta, da na zo tashi na buga goshi. Mai shi ya ce ba ya sauri. Na kira mai duba jirgi don mai 57 ɗin ranar Laraba. Baba Kaka in ka zo wajen maɗaurar jirage ta Gas Street a nan Birmingham da bazara ka yi min magana, ni zan kawo naman, ka bar ni in riƙe sandar tuƙi ko na rabin awa ne.