Taƙaitawa: faifan Mravinsky na simfoni na 6 na Tchaikovsky

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawararmu a kan faifan simfoni na 6 (dogon kiɗa mai sassa huɗu) na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, da jagoran makaɗa Yevgeny Mravinsky ya ɗauka da makaɗan birnin Leningrad a 1960, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar.

1. Kusan kowa ya yarda da zafinsa. Masu goge suna jan baka tamkar hannu ɗaya.

2. An rabu a kan masu busa. Wasu sun ce ƙararsu tana huda kunne, wasu sun ce ai daɗin ke nan.

3. Sashen ƙarshe ya fi jawo gardama. Mravinsky ya gama shi cikin kusan minti 10, bai tsaya jan kuka ba. Masu son Leonard Bernstein, wani jagoran makaɗa ɗan Amurka, sun fi ƙaunar faifansa na 1986, inda ya kai kusan minti 17. Ni dai ina bayan Mravinsky, baƙin cikin da aka danne ya fi taɓa ni, balle ma Tchaikovsky ya rasu kwana 9 bayan ya fara gabatar da kiɗan a 1893.

4. Shawara: kada ka ƙara murya idan kiɗa ya yi ƙasa a tsakiyar sashen farko. Tsawa ce ke biye.