Agabe mai ratsin rawaya tana laushi a gindi

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Agaben nan tawa, shukar adon nan mai kaurin ganye da ƙaya, mai ratsin rawaya a gefen ganye, tun da damina ta zauna ganyen ƙasa suke ta laushi suna baƙi. In ƙara mata taki ne?

Kawu Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Kar ki soma. Tukunyar tana da huji a ƙasa?

Maman Biyu: Ta roba ce Kawu, hujin ɗan mitsitsi.

Hajiya Babba: Hmm, 'yar nan kin tuna min takaici. Wani mai sayar da fulawa a bakin titi ya haɗa ni da irinta, ya cika mata baƙar ƙasa da kashin shanu, wai in riƙa ban ruwa safe da yamma. Da ruwan Agusta ya sauko, daga sama lafiya lau take, ashe gindi ya gama ruɓewa. Ran da na taɓa tsakiyar sai kawai ta tumɓuko a hannuna, ga wari. Na koma masa, ya ce wai hannuna ne ba ya karɓar shuka! Abar nan asalinta busassun yankunan Meziko ne, a ganye take ajiye ruwanta. Ki zare ta yau yau, ki kakkaɓe ƙasar, duk saiwar da ta yi baƙi ki yanke da wuƙa mai tsabta. Ki bar ta a inuwa ta sha iska kamar kwana 4 zuwa mako, ciwon ya bushe. Sannan tukunyar ƙasa mai babban huji, yashi da tsakuwa su rinjayi ƙasar. In kuwa tsakiyar ta riga ta yi laushi, sai dai haƙuri, ki nemi 'ya'yan da suka tsiro a gindi.

Ɗan Auta: Hajiya har yau ba ta yafe wa mutumin nan ba 😂

Hajiya Babba: Ban yafe ba.

Anti Malama: Ni fa tawa a fili take, ruwa na dukanta, ko gezau.

Kawu Mai Lambu: Shukarki a ƙasa take Malama, kuma gidanku jigawa ne. Ta tukunya daban. Ko da rani ma sai ƙasar ta bushe ƙamas ake ba ta.

Baban Yara: Ku daina manta zancen ƙaya. Tsinin bakin ganyen nan daidai idon yaro yake. Ni datse su nake da almakashi. Kuma ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi da kumburi, kar wata ta ɗauka alobera ce ta shafa a fuska.

Anti Malama: Datse tsinin ai ɓata mata kyau ne.

Baban Yara: Kyau ko ido?

Ɗan Auta: Wai da gaske sai ta shekara 100 take fure?

Kawu Mai Lambu: Zuƙi ta malle ne. Shekara 10 zuwa 30 ne, ta fitar da kara ɗaya da kan haura mita 6, daga nan uwar ta mutu ta bar 'ya'ya. Da su ake yaɗa mai ratsin, don in ka shuka irin galibi kore zalla ke fitowa. Ɗan da ya fito fari fat kuma kar ka wahala, raba shi da uwar ke da wuya zai bushe, ba shi da koren da zai ci da kansa.

Amaryar Zaure: Kawu a ajiye min ɗaya don Allah, mai farin layi a tsakiya.

Kawu Mai Lambu: Waccan ba ta da saurin haihuwa. Kuma kina bayan mutum uku.

Maman Biyu: Na zare ta. Tsakiyar da ƙarfinta, amma rabin saiwar ta tafi. Yashin gini zai yi?

Ɗan Auta: Amarya ki fara dawo min da kaskon da kika ara tun hunturu tukuna.