Na ɗauko DriveRack PA2, ta ina zan fara saiti kada in sake ƙona hon?

Ɗan Kurna Sauti:

Assalamu alaikum manyanmu. A ɗora ni a hanya don Allah. Kayan da ke hannuna: sab (sifikun bas) guda huɗu masu inci 18, kowanne wat 600 a om 8, sifikun sama guda biyu masu inci 15 da hon (ƙaramar sifikar siririn sauti), wat 400 a om 8, kurosobarsu (mai raba sauti mai kauri da siriri) na cikin akwati, amfilifaya biyu, ɗaya na sab ɗaya na sama, sai miksa mai layi 16. Yawancin aikin wa'azi ne da walima a fili, jefi-jefi biki. Da ƙaramar kurosoba ta murɗawa nake aiki, yanzu na sayi dbx DriveRack PA2, na'urar da ke zama tsakanin miksa da amfilifaya tana sarrafa sauti.

Abin da ke damuna: dayafaram ɗin hon ya ƙone har sau biyu kafin in sayi na'urar, in ka tsaya a tsakiyar fili bas ɗin sai ya ɓace amma a gefe yana dukan ƙirji, makirfo na yawan ihu, kuma akwai ƙugi in muna kan janareta. Ta ina zan fara? Ko in danna Wizard, maɓallin da ke yin saiti da kansa, kawai ya yi komai?

Injiniyan Fagge:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wizard ba laifi, amma yana aiki ne sosai in sifikarka da amfilifayarka suna cikin jerin sunayen da ya sani. In akwatin na kafinta ne, ko an sauya masa ufa (babbar sifikar da ke cikin akwatin), alƙaluman da zai ba ka ba naka ba ne. Ka bar shi ya tsara maka mashiga da mafita, sauran ka yi da hannu. Kada ka taɓa EQ, wato gyaran kauri da sirantar sauti, tukuna.

Haɗi da farko. Hagu da dama na miksa su shiga mashigai biyun na'urar da wayar XLR. Akwai ɗan maɓalli a baya mai +4 da -10, ka bar shi a +4 tunda daga miksa kake ba shi. Mafita shida ne: High, Mid, Low, kowanne hagu da dama. Naka tsari ne mai hawa biyu, saboda haka High ya tafi amfilifayar sama, Low ya tafi na sab, Mid ya zauna babu komai. Tsohuwar kurosobar ka cire ta gaba ɗaya. Ka leƙa bayan amfilifayoyin ma, da yawa suna da ɗan makunnin yanke bas ko na haɗa ɓangarori biyu su zama ɗaya. Ka kashe su, in ba haka ba za ka tace sauti sau biyu ka rasa inda matsalar take.

Kafin ka buɗe komai ka danne Mute na mafita duka, ka sa waƙa a hankali, ka riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya kana jin abin da ke fita daga ina. Wayar Low da ta High in suka sauya wuri, a wannan ɗan sautin za ka gane ba tare da asara ba.

Sai kurosoba. A sab ka yanke sama a 100 Hz da salon yanka mai suna LR24, a sifikun sama ka yanke ƙasa a 100 Hz da LR24 ita ma. Dalilin zaɓen LR24 shi ne kowane ɓangare yana sauka da 6 dB a daidai mahaɗar, in suka haɗu sai su ba da sauti a miƙe. Ɗayan salon, Butterworth (BW), 3 dB yake sauka, sai ka sami ƙullutu a wurin. Wanda mutane suke mantawa shi ne yanke ƙasan sab ɗin kansa: ka sa BW24 a wajen 40 Hz. Akwati mai rami, in sauti ya sauka ƙasa da inda aka auna ramin, iskar ciki ba ta riƙe takardar kuma. Za ka ga ufa tana leƙowa tana komawa kamar za ta faɗo, ba ƙarin bas, sai zafi da yagewa.

Yanzu limita, mai hana ƙarfin sauti wuce iyaka, wadda ita ce dalilin sayen na'urar. Ba ta san ƙarfin sifikarka ba sai ka gaya mata, kuma da bolt ake auna iyakar. Ka ninka wat da om, ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da wannan. Na sama: 400 sau 8 ya ba da 3200, wato bolt 56 da ɗoriya. Sab: 600 sau 8 ya ba da 4800, wato kusan bolt 69. Sab biyu da ka jera a ɓangare ɗaya sun zama om 4, amma bolt ɗin bai canza ba, 69 ne dai. Abin da ya canza shi ne amfilifayar na bukatar wat 1200 a om 4 kafin ta kai wurin. In wat 900 take bayarwa a om 4, iyakarta bolt 60, kenan ita za ta fara kunna jar fitila, alamar sauti ya fashe, kafin sab ya ƙoshi, kuma a iyakarta za ka tsaya.

Yadda za ka yi a aikace: cire wayoyin sifika duka daga amfilifaya. Sa maltimita a AC ka maƙala a mafitarta. Ka sauke manhajar da ke fitar da sauti guda tsayayye a waya, ka ba sab 60 Hz, na sama 300 Hz, don maltimita mai araha ba ta karanta siririn sauti daidai. Ɗaga miksa har fitilunta su kusa ja ba tare da sun taɓa shi ba, ɗaga bolum ɗin amfilifaya har bolt ya ɗan wuce abin da kake so, sannan ka kunna limita ka riƙa sauko da Threshold, wato iyakar da limita ke fara aiki, har allura ta tsaya a 50 a na sama, 60 a sab ko ƙasa da haka in jar fitilar amfilifaya ta riga ka. Na rage maka kaɗan da gangan, don taron da zai kai awa huɗu a zafin Afirilu ba gwajin masana'anta ba ne. Kada hannunka ya taɓa bakin wayar a lokacin, bolt 60 na cizo.

In ka gama, ka danna Store ka ajiye da suna, sannan ka liƙa salatif a kan bolum ɗin amfilifayoyin. Duk yaron da ya murɗa shi sama bayan nan ya rushe lissafin, limita na nan tana aiki amma a iyakar da ba ta kare komai.

Mai Waya Zinder:

Injiniya ya gama da babban aiki. Ni maganar bas ɗin tsakiya zan ɗauka, don alamar da ka bayar a fili take. In sab suna hagu da dama kuma wayarsu daidai, tsakiya ce take fi ko'ina bas, gefe ne ke samun ramuka. Kai naka akasin haka ne, kenan ɓangare ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. An juya waya a wani wuri.

Nemo batirin rediyo mai bolt 1.5 ko mai bolt 9. Ka taɓa kan batirin mai alamar + a 1+ na fulogin wayar sifika (Speakon), ɗayan a 1-, ɗan taɓawa kawai. Takardar ufa ta leƙo waje. Ka gwada akwati huɗun ta cikin wayar da kake aiki da ita, ba a jikin akwatin kaɗai ba, don sau da yawa a wayar aka yi kuskuren. In duk sun leƙo, koma kan XLR: ƙafa ta 2 da ta 3 in mai gyara ya sauya su a kai ɗaya, sakamakon ɗaya ne. Ufar da aka sake wa naɗin kwayil ita ma takan dawo a juye. Batiri dai a ufa kawai, kada ka kai shi hon.

Bayan wannan, in fili ya ba da dama ka tara sab huɗun a tsakiya gaban dandamali, jikin juna. Bas zai fi bazuwa daidai.

Sai daidaita sab da na sama. Sauti na cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya. A 100 Hz tsawon zangonsa mita 3.4 ne, saboda haka bambancin mita 1.7 tsakanin isowar sab da na sama ya isa su cinye juna a mahaɗar. Ka saki 100 Hz, ka bar sab da na sama na gefe ɗaya, ka juya Polarity (+ da -) na sab a na'urar, ka tsaya inda jama'a za su fi yawa, wani ya riƙa ƙara jinkiri kaɗan-kaɗan a ɓangaren da ya riga isowa, galibi na sama ne, har sautin ya dusashe iyakar dusashewa. Nan ne daidai. Ka mayar da Polarity yadda yake, za ka ji ya cika. Kunne ya fi saurin gane inda sauti ya mutu a kan inda ya fi ƙarfi, shi ya sa ake bi ta baya.

Hajiya Studio:

Malam Injiniya, da izininka zan ɗan ƙara a kan maganar hon, kada ya ɗauka limita ta gama masa. Sifikarsa ta sama limita ɗaya ce ke tsaron ufa da hon tare. Bolt 50 da ufa za ta shanye lafiya, in ya zo a matsayin ihun makirfo a 4 kHz, hon ne zai karɓe shi kusan duka, kuma wayar kwayil ɗinsa ba ta fi kaurin gashi da yawa ba. Na biyu, in miksa ta shiga ja, sautin ya riga ya fashe kafin ya iso na'urar. Limita za ta rage masa ƙarfi ne kawai, fashewar na nan, kuma siririn ƙazantar da ke cikinta hon take nufa. To sai ka gyara Gain, wato ƙarfin shigowar sauti, na kowane layi tun daga miksa, mai wa'azi in ya ɗaga murya fitilar ta tsaya a ruwan ɗorawa.

Ihu kuma daga tsayuwar kaya ake fara maganinsa. Sifiku su kasance gaba da makirfo, suna ba shi baya, a ɗage sama da kan mutane. Malam ya matso da makirfo kusa da baki, kada mai gabatarwa ya dunƙule kansa da tafin hannu. A miksa ka yanke ƙasan kowane makirfon magana a 100 Hz. Bayan nan ne AFS, sashen na'urar mai kashe ihun makirfo, zai yi amfani. Matatai 12 gare shi, ana raba su tsakanin na dindindin da masu bin taro. Kafin jama'a su zo, ka buɗe makirfo duka a inda za su zauna, kowa ya yi shiru, ka ɗaga a hankali har ya kama ihu biyar ko shida, ka tsaya. Sauran ka bar su su yi gadi a lokacin taro. In ka matsa sai ya cike duka, muryar za ta koma kamar daga cikin tulu. Kuma saitin jiya ba ya aiki a filin yau.

AutoEQ, mai gyara EQ da kansa, yana bukatar makirfon awo a mashigar RTA da ke gaba, makirfon waƙa ba zai yi ba. A fili mai iska ko kusa da janareta awon ba abin dogaro ba ne. Abin da ya fitar ka duba shi: inda ya rage ka bari, inda ya ɗaga sama da 3 dB ka sauko da shi, musamman a sama. Lokacin hunturu busasshiyar iska na cin siririn sauti a nesa, sai hannu ya riƙa kai wa 8 kHz yana ɗagawa don na baya su ji. Hon ne ke biyan kuɗin.

Injiniyan Fagge:

Gaskiyarki Hajiya, na karɓa. Saura ƙugi. Wutarmu 50 Hz ce, in ƙugin mai kauri ne tsayayye, daga layin ƙasa yake. Miksa, na'urar da amfilifayoyi su sha wuta daga allo ɗaya. Gwada maɓallin Ground Lift da ke bayan PA2, mai raba layin ƙasa na wayar sauti. Kwamfuta ko kibod su bi ta akwatin DI, ɗan akwatin da ake sawa tsakaninsu da miksa. Amma kada ka karya ƙafar ƙasa ta fulogin wuta don ƙugi ya tafi, ran mai riƙe da makirfo ne a kai. Wayar sauti kada ta kwanta jikin ta wuta, in dole su haɗu su gitta juna.

Janareta in ya yi ƙanƙanta, duk dukan bas bolt na faɗuwa, amfilifaya ta kunna jar fitila tun kafin iyakar da ka auna, na'urar kuma tana iya mutuwa ta farfaɗo da ƙara a sifika. Ka ba miksa da na'urar ƙaramin UPS nasu. Wajen kunnawa amfilifaya ce ƙarshe, wajen kashewa ita ce farko, haka ma duk lokacin da za a sauya daga NEPA zuwa janareta.

Ɗan Kurna Sauti:

Allah ya saka da alheri. Batiri ya nuna waya ɗaya a juye take, an gyara. Tambaya ta ƙarshe: Mid ɗin da ke zaune, zan iya ba wasu sifiku biyu da zan kafa mita 30 a baya don na ƙarshen fili?

Mai Waya Zinder:

A'a ɗan'uwa, ba zai yi ba. Jinkirin mafitar PA2 milisakan 10 ne iyakarsa, mita uku da rabi kenan, an yi shi ne don daidaita sab da na sama. Mai milisakan 100 a mashiga yake, kuma in ka taɓa shi komai zai jinkirta tare. Mita 30 na bukatar wajen milisakan 87 a sanyin digiri 20, a zafin digiri 35 kuwa 85, don sauti ya fi gudu a iska mai zafi. Ka ƙara kamar 10 a kai don kunne ya ci gaba da jin maganar daga wajen malam take fitowa. In ka kafa su babu jinkiri, na baya za su ji kowace kalma sau biyu.

Ko dai ka sami PA2 ta biyu ka ba ta daga Aux, wato ƙarin mafita, na miksa ka yi amfani da jinkirin mashigarta, wanda 95 ya shiga cikinsa da ƙyar, ko ka nemi irin Behringer DCX2496 mai mashiga uku da mafita shida, wadda kowace mafita ke da dogon jinkirinta. Sifikun bayan ka yanke musu ƙasa a 120 Hz, bas na gaba zai iso da kansa, kuma ka auna tazarar da tef daga fuskar sifikar gaba zuwa fuskar ta baya, ba da taku ba.