Ina neman sunayen yara masu farawa da harafin K, na mata da na maza

Abban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maiɗakina ta shiga watan haihuwa, kuma yaranmu biyu na farko duk da K sunansu ya fara, muna so na ukun ma ya bi sahu. Ba mu san ko mace ce ko namiji ba. Don Allah a taimaka da sunaye da ma'anarsu, da kuma waɗanda ya kamata mu kauce musu.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya. Kafin ka zaɓa, ɗan'uwa, ka sani K ɗin boko haruffan Larabci uku yake ɗauke da su: kaf, da ƙaf, da kha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kalb da kaf kare ne, ƙalb da ƙaf kuwa zuciya. Duk sunan da ya burge ka, ka sa a rubuta maka shi da Larabci tukuna.

Na kaf a maza akwai Kabiru (babba), Kamilu (cikakke), Kamalu (cika, daga Kamaluddin), Karimu (mai karamci), da Ka'abu, sunan sahabi Ka'abu bn Malik. A mata akwai Karima, Kamila, da Kausar, sunan ƙoramar Aljanna da aka bai wa Annabi (SAW), kuma sunan sura ta 108 mai ayoyi 3.

Na kha su suka fi yawa. Khalid, takwaran Khalid bn Walid da aka yi wa laƙabi da Takobin Allah. Khalil, wato badaɗi. Khabbab bn Aratt, maƙerin takubba da ya sha azaba a Makka bai bar addininsa ba. Khuzaima bn Sabit, wanda Annabi (SAW) ya mayar da shaidarsa daidai da ta mutum biyu. A mata, Khadija ce kan gaba, kuma ni ita nake fara ba da shawara a kai. Ko Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da 'ya Khadija, malama ce, ita ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa. Sai Khaulat, takwarar Khaulat bint Sa'alaba wadda farkon Suratul Mujadala ya sauka a kan ƙararta, da Khairiyya da Khalisa.

Na ƙaf kuwa, Ƙasimu, ɗan Annabi (SAW) na fari wanda ake masa alkunya da shi, sai Ƙatada.

Inda ake kuskure shi ne sunayen Allah. Khaliƙu, Ƙayyumu, Ƙuddusu da Ƙahharu ba a sa wa ɗan Adam su sai da Abdul a gaba, kuma a kira shi da sunan cikakke. Karim da Kabir ba laifi matuƙar ba a saka musu "al" ba. Kuskure na biyu, buɗe Alƙur'ani a tsinci kalma don daɗinta a kunne. Kaziba da Khaɗi'a duk suna cikin Suratul Alaƙ, amma ma'anarsu maƙaryaciya da mai saɓo.

Hajiya Babba:
Malam ya gama magana ta ɓangaren Larabci. Ni zan tuna maka, ɗana, cewa harshenmu ba shi da kha, shi ya sa kakanninmu suka mayar da shi H. Khadija ta koma Hadiza, Khalid ya koma Halidu, Khalil Halilu, Khamis Hamisu. To in K kake so a ji a baki, ka san cewa tsofaffin gida Hadiza za su ce, ko Dije, kuma ba kuskure suka yi ba.

Akwai wata hanyar, ta alkunya. In ka yi wa mahaifinka ko mahaifiyarka takwara, ba za ku riƙa kiran sunan gatsau ba. Khadija ana ce mata Kubra, daga Khadijatul Kubra. Ibrahim ana ce masa Khalil, Musa kuma Kallamu, daga Kalimullah. Hauwa'u ita ce Kulu. Ka ga ka girmama iyaye, ga K ɗinka kuma ka samu.

Kada a raina namu na gargajiya. Kande ita ce macen da ta biyo bayan maza a jere, saboda haka in yaranka biyun nan maza ne kuma aka sami mace, sunan ya zauna mata daram. Kyauta kuma na wanda aka daɗe ana jira ne. Waɗannan laƙabi ne da ake ɗorawa kan sunan yanka, ba su ake raɗawa ranar suna ba.

Ɗalibar Ilimi:
Ƙarin bayani kan suna biyu da mutane ke so. Kulsum ba tare da Ummu ba sunan namiji ne a wajen Larabawan farko, misali Kulsum bn Hidm wanda ya sauki Annabi (SAW) a Ƙuba. 'Yar Annabi da Sayyidina Usman ya aura bayan rasuwar Ruƙayya, Ummu Kulsum take. Gara a rubuta shi cikakke a takarda, a gida a kira ta Kulsum ko Kaltume. Khansa kuma laƙabi ne, ma'anarsa mai ɗagaggen hanci. Sahabiya mawaƙiya da ta shahara da wannan laƙabin, sunanta na asali Tumadir. Ana sa shi don darajarta, amma ya kamata iyaye su san ma'anar.

Sannan a gwada sunan a bakin yara. Kazim suna ne mai kyau, mai haɗiye fushi, ga shi a aya ta 134 ta Ali Imrana, sai dai ya yi kusa da "ƙazami", kuma 'yan firamare ba sa barin irin wannan ta wuce.

Mai Aikin Takardu:
Yallaɓai, duk wanda ka zaɓa, ka tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Khadija, Khadijah, Khadijat da Hadiza a wajen kwamfuta mutum huɗu ne. Matsalar ba ta fitowa sai yaro ya zo rajistar JAMB, a tarar sunan da ke NIN ya saɓa da na WAEC da harafi ɗaya, daga nan sai rantsuwa a kotu da zaman jiran gyara.

Yawancin fom na intanet ba sa karɓar Ƙ, don haka Ƙasimu sai ka zaɓi Kasimu ko Qasim, ka tsaya a kai. Ka rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa wa ma'aikaci, kada ka faɗa da baki, kuma ka karanta abin da ya buga kafin ka bar wurin. In kuna da dangi a Maradi ko Damagaram kuma yaron zai yi takardu a can, rubutunsu na Faransanci ne: Kabirou, Kassoum, Kadidja. Ka nuna musu takardar farko su kwafa harafi da harafi.

Abban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaran biyu maza ne, Hajiya. In mace ce Khadija za a raɗa mata, Kanden kuma na bar wa kakarta.