Neman kalmar Hausa: "illuminate"

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata firamare da ke Pantami, cikin garin Gombe, kuma a makon nan muka iso darasin haske. Darasin ya raba abubuwa gida biyu: waɗanda haskensu daga jikinsu yake fitowa, kamar rana da wutar kyandir, da waɗanda ba a ganinsu sai hasken wani abu ya sauka a kansu, kamar wata. Aikatau ɗin da Turanci ya yi amfani da shi wajen wannan saukar haske shi ne "illuminate". Na rubuta "haska" a kan allo, na goge, na rubuta "haskaka", sannan na tsaya da alli a hannu ina kokwanto, yara kuwa suna jirana.

Asalin kalmar "illuminate" daga Latin ne, daga "lumen", wato haske, kuma "lumen" ɗin ce muke gani a jikin kwalin ƙwan lantarki a kasuwa, inda ake rubuta adadi kamar 800 domin nuna yawan hasken da ƙwan yake fitarwa. Ma'anar "illuminate" ta farko ita ce haske ya sauka a kan wani abu ko wani wuri har a iya ganinsa. Ina roƙon malamanmu su raba mini gardama.

Amsa daga wani malamin Hausa mai ritaya a Bauchi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kokwanton naka yana kan hanya, domin kalmomin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Idan aka ce "haska", hankali yana komawa ne ga mai riƙe da fitila da kuma inda ya nufa da ita. Mai shago yana haska takardar naira dubu domin ya tabbatar ba jabu ba ce, uwa tana haska ƙarƙashin gado da tocila tana neman takalmin yaro, ɗan sintiri kuma idan ya tsananta sai mu ce ya dalle mutum da fitila, wanda wannan ya wuce taimako ya koma cutar ido. "Haskaka" kuwa tana duban wurin da hasken ya cika. Ka lura da teburin mai shayi bayan sallar isha'i, da ƙwan sola guda ɗaya rataye a jikin sanda: babu wanda yake haska komai, amma ƙwan ya haskaka burodi da gwangwanayen madara da fuskokin masu zama a benci. Wannan ita ce "illuminate" ɗinka. Shi ya sa a addu'a muke cewa Allah ya haskaka kabarin mamaci, ba mu cewa ya haska.

Abu ɗaya za ka kiyaye. A rubuce "fitila ta haskaka ɗaki" da "ɗaki ya haskaka" kalma ɗaya suke nunawa, amma a baki karin sautinsu ya bambanta, kuma ta farkon ce kaɗai take ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya sauka a kansa. Ka furta wa yaran duka biyun da kanka, kunnensu zai kama abin da allo ba zai nuna ba.

Amsar mai tambaya:

Na gode, Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na karɓi "haskaka" a darasin kimiyya, kuma jimlar da zan ba yara ita ce: rana tana ba da haske, shi kuma wata, rana ce take haskaka shi. Sai dai ban yarda a ja kalmar zuwa duk inda Turanci ya kai tasa ba. Bature yana cewa bayani ya yi "illuminate" ɗin matsala, kuma na sha jin masu fassara suna cewa "ya haskaka matsalar", abin da a kunnena yake da ƙamshin aro. Mu a nan fayyacewa muke yi, ko warwarewa, ko kuma mu yi ƙarin haske, kamar yadda ake faɗa kullum a rediyo.

Akwai kuma ma'ana ta uku, wadda ta shafi tsofaffin littattafan hannu na Turai da aka ƙawata shafukansu da ruwan zinariya da launuka. A can babu fitila ko kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa ganin Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammominmu, da adon ja da ɗorawa a gefen shafi wurin hizifi, ya san sunan wannan aiki zayyana ne.

Malamin Bauchi:

Haka ne, ɗana, zayyana ce. Amma ka bar ta sai yaran sun kai sakandare, gobe "haskaka" kaɗai za ka rubuta musu.